Hancin Jibo Mai Na'a-na'a

A garin Kona, in ka ce kana neman Jibo, za a tambaye ka wanne, don akwai Jibo mahauci, akwai kuma Jibo mai gyaran keke. Amma in ka ce Jibo Mai Na'a-na'a, kowa zai nuna maka hanyar da ta gangara zuwa bakin tabki, inda garkarsa take, wato ɗan lambun da ya kewaye da shingen ƙaya, da rijiya a tsakiya. Gajeren mutum ne mai faɗin tafin hannu, ya ba shekara hamsin baya. Yana da wata ɗabi'a da mutanen gari suka daɗe suna kwaikwayo don dariya: duk ganyen da ya ci karo da shi, sai ya tsinke, ya murza, ya kai hanci, sannan ya amsa gaisuwa.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya tafi biɗa, wato ci-rani, Agadas tare da samarin garinsu. Can ya faɗa hannun wani tsohon Buzu mai garka, ya yi shekara uku yana ban ruwa. Da suka tashi dawowa, abokansa kowa ya sayo rediyo ko agogo. Shi kuwa Jibo ƙunshi ɗaya ya rungumo: ƴan karare na na'a-na'a a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kwana biyu a bayan babbar mota, duk inda aka tsaya sai ya raba ruwan shansa da tsumman nan.

Da mahaifinsa ya kwance ƙunshin, sai ya dube shi, ya dubi Jibo, ya ce, "Shekara ukku, ka dawo mini da ciyawa?"

Jibo ya tattara ƙunshinsa. Ya gangara bakin tabki ya soka kararen a laka, ƙarƙashin inuwar wata bishiyar darbejiya. Bakwai ya dasa, biyu suka kama. Daga biyun nan ne duk na'a-na'ar garkarsa ta fito, don ita ba a cika shuka ta da iri ba. In ka shuka irin, sau da yawa abin da zai tsiro ba ya gado ƙamshin uwarsa. Kara ake yankowa a dasa, ko a raba saiwa.

Jibo ya san tsiron nan kamar yadda ya san ƴaƴansa. In baƙo ya zo garka, sai ya miƙa masa kara ɗaya ya ce ya jujjuya shi tsakanin yatsu. Baƙon zai ji ba zagayayye ba ne, kusurwa huɗu gare shi. Sannan ya nuna masa yadda ganyen ke fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kowane biyu sun gicciye na ƙasa da su, bakin ganyen kuma da ƴan haƙora kamar zarto. In ya tona ƙasa kaɗan, sai ga fararen jijiyoyi suna rarrafe ta ko'ina, kowace gaɓa tana shirin tura sabon tsiro sama. Saboda su ne yake binne tsofaffin kwanon rufi a gefen kowane komi, wato fangalin da yake dasa ta, in ba haka ba sai ta haura ta cinye wurin albasa da salati. Ba ta son ƙishirwa, ba ta kuma son ranar tsaka ta dake ta kai tsaye. In an yanke ta daidai saman gaɓa, reshe biyu take fitarwa a maimakon ɗaya. In kuwa aka bar ta har ta fid da furenta, ɗan siririn zangarniya mai ruwan shuɗi-shuɗi, to ganyen ya fara tsufa, ƙamshi ya ja baya.

Duk wannan ido yana iya gani. Amma lokacin yanka, hanci ne ke faɗa wa Jibo. Da safe, bayan raɓa ta ɗauke, yakan bi komi-komi yana murza ganye yana shinshinawa. Wannan ya kai. Wannan a ba shi kwana biyu. Wancan ruwa ya yi masa yawa, ƙamshinsa ya yi lami. Shekara talatin da wani abu haka yake yi, kuma da shi ya yi suna. Matan Kona suna aikowa a ba su don zoɓo da lemun tsamiya. Mai kumburin ciki yakan zo a tsinko masa ya tafasa ya sha. Amma babban abokin cinikinsa Na Allah ne, mai dafa shayi a tashar motar Tasawa, wanda direbobi da ƴan kamasho ke cika bencinsa tun safe. Sau biyu a mako Jibo yake kai masa buhu, kuma Na Allah ya sha faɗa a gaban jama'a cewa shi ba ya ko buɗe buhun Jibo ya duba.

Damina biyu da suka wuce, ruwan sama ya tsare Jibo a gonarsa ta hatsi, ya yi masa dukan kawo wuƙa. Ya koma gida da mura da zazzaɓi, ya kwanta kwana biyar. Ran na shida ya miƙe, jiki ya yi sauƙi, ya gangara garka. Ya tsinki ganye ya murza ya kai hanci.

Bai ji komai ba.

Ya fyace hanci, ya sake tsinkar wani. Ya koma komin da ya fi kowanne ƙarfi, ya cika tafinsa, ya murtsuke har ruwan ganyen ya ɓata masa hannu, ya tura fuska ciki. Kamar ya shinshina ruwan rijiya. Ya ce a ransa sauran mura ce, gobe za ta sake shi. Gobe ta zo, jibi ta zo, mako ya cika. Murar ta tafi sarai, numfashi yana shiga yana fita, amma duniya ta zama ba wari ba ƙamshi. Tuwo da miyar kuka da daddawa, duk ɗaya a bakinsa, sai gishiri da yaji kawai yake rarrabewa.

Abin da ya fi ci masa rai bai faɗa wa kowa ba. Yana yaro, wani kawunsa ya fara da haka, ya daina jin wari, daga baya wani abu ya tsiro masa cikin hanci, bai shekara ba ya rasu. Jibo ya ƙudurta a ransa cewa abin nan ne ya biyo jini. Sai ya shiga ɓoyewa. A garka ya ci gaba da murza ganye yana kai wa hanci, don kada masu wucewa su lura, yana yanka da ƙiyasin ido. A gida kuwa ya rage magana, ya rage ci.

Matarsa Zara'u, wadda suka yi shekara talatin tare, ta lura tun makon farko. Wata rana wake ya kama a tukunya tana bayan gida, ƙauri ya cika tsakar gida har maƙwabta suka yi magana, shi kuwa yana zaune dab da murhu yana gyaran igiyar guga, bai ko ɗaga kai ba.

"Malam," ta ce, "kai da ko ɗan wake ɗaya ya ƙone sai ka yi magana, yau lahiya?"

"Hankalina ne ba ya nan," in ji shi.

Ta dube shi ta koma kan tukunyarta. Ta san halin mijinta, in aka matsa masa ƙara rufewa yake yi.

Asirin ya tonu ne a Tasawa, ranar kasuwa. Jibo ya hau kabu-kabun Sabi'u, ɗan garinsu mai jigila da babur, aka ɗaure buhun na'a-na'a a baya tare da wata jarkar isans, wato man fetur, da Sabi'u zai kai wa wani. Murfin jarkar bai kama da kyau ba. Duk ramin da suka faɗa sai man ya tsiyayo ya jiƙa gindin buhun. Iska tana kaɗa warin baya, Sabi'u bai ji ba. Da suka isa tasha, Jibo ya kwance buhun ya saɓa a kafaɗa, hancinsa a jikin buhun, ya ratsa cikin motoci ya dire shi gaban Na Allah.

Na Allah yana tsakiyar hidima, hayaƙin motoci ya cika wurin. Ya zura hannu ya ciro dami ɗaya, ya ɗauraye sama-sama, ya cusa a buta don zagaye na biyu. Ya tsiyaya, ya miƙa wa wani direba. Direban ya kurɓa, ya furzar, ya miƙe tsaye.

"Na Allah, shayi ka ba ni ko tankin mota za ka cika?"

Aka bushe da dariya. Na Allah ya shinshina butar, ya shinshina buhun, ya ja da baya yana yamutsa fuska. Ya juyo ga Jibo.

"Malam Jibo, mi ke nan? Ai wannan ko daga bakin titi ana jin shi."

Jibo yana tsaye, gumi ya keto masa. Da ƙasa za ta buɗe da ya shige. Ya buɗe baki zai ɗora wa Sabi'u laifi, sai ya fasa, tun da shi ya ɗauko buhun a kafaɗarsa. Na Allah ya ƙura masa ido na ɗan lokaci, sannan ya zubar da shayin, ya ba direban haƙuri, ya kama hannun Jibo ya ja shi bayan rumfa inda ba kowa.

"Shekara ashirin muna tare, ba ka taɓa kawo mini ganye ko da ya kwana ba," in ji Na Allah. "Gaya mini gaskiya. Ba ka ji ba ne?"

"Ban ji ba," Jibo ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yau kwana arba'in ban ji warin komi ba." Daga nan bakinsa ya buɗe, ya ba shi labarin murar, da na kawunsa, har da cewa ya fara tunanin wanda zai bar wa garka.

Na Allah ya riƙe haɓa. "Kwana arba'in kana ɗauke da wannan kai kaɗai, ga asibiti can ana hango rufinsa daga nan? Tashi mu tahi." Ya kira maƙwabcinsa mai tsire ya ce ya duba masa wuta.

A ɗakin shan magani suka tarar da layi, suka jira har bayan azahar. Majon wurin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata mata ce mai suna Rashida, mai tabarau da saurin magana. Ta zaunar da Jibo, ta haska masa ƴar fitila cikin hanci, dama da hagu. Ta tambaye shi ko yana haɓo, ko gefe ɗaya ya toshe, ko kansa na sarawa, ko idonsa ya canza. Duk ya ce a'a.

"Baba, ban ga komi ya tsiro a hancinka ba," ta ce. "Hanya a buɗe take. Mura mai ƙarfi takan yi haka, ta gajiyar da jijiyoyin da ke ɗaukar ƙamshi. Bana kai ne na nawa da na gani. Yawanci yana dawowa, wani mako kaɗan, wani sai an yi watanni. In wata uku ya cika ba canji, ko ka ga jini, ka dawo in tura ka Maraɗi a ƙara dubawa."

Jibo ya ce, "Ke nan ba ciwon kawuna ba ne?"

"Ban san ciwon kawunka ba, Allah ya ji ƙansa. Amma alamun da kake tsoro, ba ko ɗaya a jikinka."

Sai da ya ji wannan sannan ya san irin nauyin da yake ɗauke da shi. Kafaɗunsa suka sauka, ya sunkuyar da kai yana ta alhamdu lillahi, har Na Allah ya dafa shi. Majo ta ƙara da cewa akwai aikin da zai riƙa yi safe da yamma: ya samo abubuwa masu ƙarfin ƙamshi, ya shinshina kowanne a hankali yana tuna yadda yake a da, don hancin ya sake koyo.

"Kamar kanumfari, ɓawon lemun tsami, citta. In kuma za ka iya samun ɗanyar na'a-na'a, tana da kyau ƙwarai. Ana samun ta wajenku?"

Na Allah ya fashe da dariya har da dukan cinya. Jibo ma, karon farko cikin kwana arba'in, ya yi dariya. Majo tana ta kallonsu sai da suka yi mata bayani. Kafin su fita ta gargaɗe shi cewa in ƙamshin ya fara dawowa, yana iya zuwa a karkace, abu mai daɗi ya yi masa wari, kada ya tsorata.

Da ya koma Kona kafin magariba, ya zauna ya faɗa wa Zara'u komai. Ta saurare shi har ƙarshe tana tankaɗe.

"Na sani tun ranar wake," ta ce. "Abin da ban sani ba, ashe har ka gama yi wa kanka wankan gawa ba ka gaya mini ba. To daga gobe tare za mu garka. Nawa hancin lahiyarsa lau."

Haka aka yi. Kowace safiya suna gangarawa tare. Shi ya nuna komi, ita ta murza ta shinshina. Da farko duk ɗaya take jin su, ta ce ai na'a-na'a na'a-na'a ce. Sai ya riƙa haɗa mata biyu-biyu: wannan matashiya, wannan ta kusa fure, wannan ta sha inuwa, wannan rana ta dake ta. Kafin wata guda ta ƙware, har tana yi masa gardama, kuma sau da yawa in ya duba da ido sai ya ga ita ke da gaskiya. Ita ce ma ta kawo shawarar su riƙa shanya rarar ganyen a inuwa cikin ɗaki, ba a rana ba, don ta lura wanda ya bushe a inuwa yana riƙe korensa da ƙamshinsa. Buhun Na Allah kuwa, ba ya barin gida sai ta sa hanci ta ce ya yi, kuma Sabi'u ya rantse ba zai sake haɗa shi da jarka ba.

Shi kuma Jibo bai fasa aikin da majo ta ba shi ba. Ƴan ƙulle-ƙullensa huɗu suna aljihu. Bayan sallar asuba da bayan la'asar yakan zauna ya bi su ɗaya-ɗaya. Mako shida ba labari. Wani lokaci ransa ya ɓaci ya ce aikin banza ne, Zara'u ta tura masa ƙullin kanumfari gabansa.

Ranar da abin ya dawo, ba ta na'a-na'a ya dawo ba. An gama girbi, Jibo yana juya tarin takin awaki da ya jiƙa ya rufe don sabon komi. Ya soka shebur ya ɗaga, tururi ya taso, sai wani ɗoyi ya bugi hancinsa har ya kau da kai ya tofar da yawu. Ya sake soka shebur ɗin, sannan ya tsaya cak. Ya durƙusa ya kai fuska kusa da takin ya ja numfashi.

"Zara'u!" ya ƙwala kira. "Zara'u, zo ki ji! Wari yake!"

Ta taho da gudu daga bakin rijiya, ta tarar da mijinta durƙushe gaban kashin awaki yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

"To ai taki ne, Malam, da mi kake so ya yi?" ta ce, sai kuma ta gane, ta saki guga ta rangaɗa guɗa, har masu garkar maƙwabta suka leƙo ta kan shinge suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Ya ruga ya tsinko na'a-na'a. Nan kuma sai murna ta ɗan rage, don abin da ya ji kamar ƙonanniyar roba ne. Amma ya tuna gargaɗin majo, bai razana ba. Kwana goma sha wani abu ta yi masa haka. Sannu a hankali ƙaurin ya riƙa janyewa, sanyin nan mai ɗan zaƙi ya riƙa fitowa daga ƙarƙashinsa, har wata safiya ya murza ganye ya ce wa Zara'u, "Wannan komin a ba shi kwana biyu." Ta shinshina, ta ce haka ne. Bai dawo masa da kaifin da ba gaba ɗaya, shi da kansa yana faɗa. Ya ce kamar kashi takwas ne cikin goma, sauran biyun kuma suna wurin Zara'u, shi ya sa har yau ba ta daina zuwa garka ba.

Ya kai wa majo Rashida dami guda mai kyau har ofishinta. Ta ce ba ta karɓar komai daga marasa lafiya. Ya ce ai shi yanzu ba mara lafiya ba ne. Ta yi dariya ta karɓa, ta tambaye shi yadda za ta dasa a gidanta, ya tsaya ya yi mata bayani har masu jiran layi suka fara tsaki.

Wata biyu bayan haka, autarsu Balkisu, wadda ke aure a Gidan Amumune, ta haifi ɗiya mace. Suka tafi suna da buhu guda na ɗanyen ganye. Jibo bai iya zama wurin maza ba. Da ya hango mata sun ɗora tukunyar zoɓo za su zuba na'a-na'ar tun ruwa yana tafasa, sai ga shi a bakin madafa.

"Kada ku dahe ta! Ku sauke tukunya tukuna, sannan ku zuba ku ruhe. In ta tafasa, ƙamshin sama zai tahi ya bar ku da ɗaci."

Matan suka yi masa ca, suna cewa yaushe maza suka fara koya musu girki. Amma sun bi maganarsa, kuma zoɓon bai kai la'asar ba ya ƙare.

Da taro ya lafa, aka kira shi ɗaki ya ga jikarsa, wadda aka raɗa wa suna Umaima. Balkisu ta miƙa masa ita a cikin zane. Ya karɓe ta da manyan hannayen nan nasa a hankali, yana tsokanarta da amaryarsa kamar yadda kakanni ke yi. Sannan ya sunkuya ya kai hanci kan maɗigarta, ya daɗe a haka. Nono, da man kaɗanya, da hayaƙin itacen da aka dafa ruwan wankan jego.

"Baba, ita ma shinshina ta za ka yi?" in ji Balkisu tana dariya.

"Bar ni," ya ce, bai ɗago ba. "Wannan amarya tawa sai an ƙara mata wanka."

Zara'u ta karɓe jaririyar tana cewa ya tashi ya nemo musu mota tun rana ba ta faɗi ba, gobe akwai ban ruwa.